Leɓen Fenda

"Sauka, Baba Gali, don Allah sauka," in ji Kamalu.

Motar ta maƙale a kan kwalbatin bakin layinmu, tayar baya tana gugar ƙarfen da ke samanta kamar ana wasa wuƙa. Na sauka. Ni mutum ne mai jiki, ban taɓa musun wannan ba. Da na fita sai motar ta ɗan ɗago, ta haye da ƙyar. Maharazu yana kujerar baya, ya jingina kai da gilashi, idonsa a rufe.

Daga asibiti muke. Maharazu maƙwabcina ne a nan Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, katanga ɗaya ce tsakaninmu tun gemunmu yana baƙi. Ni goro nake saye ina sayarwa, shi kuwa fanel bita ne, motar da ta lotse a hannunsa take miƙewa. Ƙoda ce ta kayar da shi. Ranar nan likita ya ja mu gefe, ni da Kamalu ɗansa, ya ce wankin ƙodar ya daina amfani, a kai shi gida a ba shi abin da ransa ke so.

Muka kama shi muka shigar da shi zaure. Kafin ya zauna ya ce, "Gali, gaya wa mai motar nan, leɓen fendarsa yana yankar taya. In ya hau titin Legas a haka, sai dai a kwaso shi."

Mai motar yana nan tsaye, hannunsa a ƙarƙashin hammatar uban.

Kamalu ɗan fari ne. Maharazu kuwa mutumin Bichi ne na da, irin waɗanda ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa kallonsa ido cikin ido, ba sa yi masa magana in akwai wanda za a aika. Ƙannen Kamalu mata duk yana kiransu, har da zolaya. Shi kuwa sai "wancan", sai "yaron nan", da ya sayi mota ya koma "mai motar". Iya Muhibbat, Bayarabiyar da ke sayar da amala a gabanmu, kullum "Baba Kamalu, e kaaro", wato "Baban Kamalu, ina kwana", take ce wa Maharazu, shi kuma kullum sai ya yi kamar da wani ake.

Motar ma abin kallo ce. Kamalu wayoyi yake sayarwa a Mokola, kuma shi da abokansa sun ɗauki wani yayi: a rage wa mota tsawo har cikinta ya kusa shafar ƙasa, a sa mata wili mai faɗi. Kyau dai akwai. Amma fenda, wato ƙarfen da ya rufe saman taya, tana da leɓe a ciki, mai kaifi. In mota ta yi ƙasa, taya ta yi faɗi, da an ɗora nauyi sai leɓen ya hau cin roba.

Bayan la'asar Kamalu ya same ni a rumfata ina yayyafa wa goro ruwa. Ya zauna a kan buhu.

"Baba Gali, ka ji abin da likita ya ce."

"Na ji."

"Ni fa ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ko sau ɗaya. Na yi aure, na haihu, har yanzu wancan ne."

"Kunya ce. Haka muka taso."

"Ku kuka taso haka. Ni a Sabo aka haife ni. Wasiu abokina, babansa daga tsallaken titi yake ƙwala masa kira, kowa ya ji ɗansa ne. Ni kuwa sai an biyo ta wurinka, kamar muna shari'a." Ya goge fuska da tafin hannu. "In ya tafi a haka, wallahi ban san me zan riƙe ba."

Na san Maharazu. Na san shi ne ya sayar da injin waldarsa lokacin da yaron nan ya kwanta ciwo yana ƙarami, ya kuma hana a faɗa. Amma wannan a bakina labari ne kawai. Ba shi Kamalu yake nema ba.

Na shiga wurin Maharazu. Ramlat matarsa ta ba mu wuri. Ƙafafunsa sun kumbura, ɗakin yana warin man zafi.

"Ka kira yaron nan da sunansa, Maharazu. Sau ɗaya."

"Ubana bai kira ni ba har ya koma ga Allah. Na kuwa san matsayina a wurinsa."

"Kai ka sani. Shi bai sani ba."

"Kai dai da surutu, kamar dillalin shanu." Ya juya fuska bango.

Da safe sai ga Ramlat ta aiko a kira ni. Wai ya ce a fitar masa da kujera ƙofar gida, a kawo motar. Ta yi ta roƙo ya haƙura, ya ce numfashinsa ne, shi zai kashe abinsa inda ya ga dama.

Aka zaunar da shi, aka tokare shi da matashi, sandarsa a hannu. Kamalu ya tuɓe riga ya ɗauko kayan uban daga ƙarƙashin gado: jak, da wani guntun bututun ruwa da aka naɗe da tsohon tub ɗin taya, da abin hura zafi mai kama da dirayar gyaran gashin mata, sai dai zafinsa ba wasa ba. Babu wuta, aka tayar da janareto. Ni na tsaya a tsakaninsu, aikina na kullum.

"Gaya masa ya ɗaga ta kaɗan, kada taya ta bar ƙasa."

"Ka ɗaga ta kaɗan."

"Na ji, Baba Gali."

"Gaya masa ya gasa fentin tukuna. In ya lanƙwasa ƙarfe da sanyi, fenti zai tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci. Ya riƙa yawo da wutar, kada ya tsaya wuri ɗaya. In ya taɓa ya ji kamar kofin shayi, ya isa."

Haka aka yi. A gasa, a cusa bututun tsakanin taya da fenda, a murza shi a hankali yana danna leɓen yana kwantar da shi ciki, a dawo a sake gasawa. Maharazu ba ya ko kallon ɗan, fendar yake kallo. "Gaya masa ba dambe ake ba. Ƙarfe lallashi yake so." Iya Muhibbat ta bar tukunyarta ta zo ta tsaya, ta ce ita ba ta taɓa ganin uba da ɗa da tafinta ba, alhali yarensu ɗaya.

Ɓangaren dama ya kwanta lafiya lau. Muka koma hagu. A nan na lura muryar Maharazu ta fara dusashewa, sai na sunkuya nake jin sa. Na kuma lura Kamalu ya gaji, hannunsa ya fara nauyi da wutar. Na yi shekaru a kasuwa, na san lokacin da dillali ya kamata ya ɓace ya bar mai kaya da mai saye.

Na dafe ciki na ce, "Ina zuwa." Na shige zaure na laɓe a bayan ƙofa, ina leƙe ta tsagar katako.

Kamalu ya durƙusa ya juya wa uban baya, yana leƙen cikin fendar, wutar kuwa tana nan wuri ɗaya. Maharazu ya waiga.

"Gali."

Na ƙara lafewa a bayan ƙofar.

"Gali." Ya buga sanda a ƙasa. Janareto ya cinye ƙarar. "Kai. Kai, yaro."

Hayaƙi siriri ya fara tashi daga fentin. Na ga Maharazu ya dafa hannun kujera, ya tattaro abin da ya rage masa a ƙirji.

"Kamaluddeen!"

Cikakke ya faɗe shi, yadda liman ya raɗa ranar suna. Kamalu ya sandare. Bai waiga ba, bai kuma janye hannu ba, sai da fentin ya kumbura.

"Janye wutar mana," in ji Maharazu. "Ka ƙona shi."

Ya janye, ya kashe. Ya juyo a durƙushe yana kallon uban. Maharazu ya kalli tabon, faɗinsa bai wuce ƙwayar goro ba.

"Matso da ni."

Kamalu ya ja kujerar har jikin mota. Uban ya ɗora hannunsa a kan nasa bisa bututun. "Nan. Ka ji inda ya yi tauri? Kada ka danna. Murza." Suka murza tare. Iya Muhibbat ta koma wurin tukunyarta.

Sai da suka kai ƙarshen leɓen na fito ina gyara tazuge.

"Ina ka shiga?" in ji Maharazu.

"Cikina ne ya murɗa."

"Maƙaryacin banza." Ya rufe ido, yana haki. "Gaya masa ya sauke jak."

Na gaya masa. Kamalu ya yi dariya, hanci yana yoyo, ya sauke.

Maharazu bai sake fitowa ƙofar gida ba. Bai kuma sake kama sunan ba, ko da Kamalu yake kwana a gefen gadonsa yana juya shi. Ranar Alhamis da hantsi Ramlat tana ba shi koko a cokali, ya kawar da kai, ya yi salati, shi ke nan. Muka sallace shi bayan azahar. Kamalu ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Da aka share makoki, Wasiu ya zo ya ga tabon, ya ce yana da mai fenti a Mokola, aikin rabin yini ne, ba wanda zai gane an taɓa. Kamalu ya ce a bari tukuna.

Jiya da safe ina buɗe rumfa na hango shi da bokiti yana wanke motar. Ya wanke rufi, ya wanke ƙofofi da sauri kamar kullum. Da ya zo fendar hagu sai ya durƙusa, ya naɗe tsumman a yatsa ɗaya, yana zagaya tabon a hankali don kada ɓawon ya ɓare.