Ragowar Tawadar Magagi

Tawadar da Magagi ya dafa kafin rasuwarsa saura kaɗan a gindin kwalba, matarsa Habsa kuwa ta hana kowa taɓawa.

Matan ƙungiyarsu ta Filinge suna zuba garin kunu a buhunan takarda, su buga hatimi, su kai kasuwar Baleyara ran Lahadi. Da can tawadar kanti suke sayowa daga Yamai, mai warin kalanzir, warin ya bi takarda ya shiga gari, masu saye suka fara yamutsa fuska. Magagi ne ya raba su da wannan abin kunya. Ya jiƙa bagaruwa da tsofaffin ƙusoshi, ya zuba ƙaro, ya dafa musu tawada baƙa wuluk wadda ko yaro ya lasa ba abin da zai same shi. Sai dai bawan Allahn nan bai taɓa auna komai ba, balle ya koya wa wani.

Sau huɗu Habsa tana dafawa, sau huɗu tana fitowa kamar ruwan wanke tukunya.

Ran Alhamis Ladi, shugabar ƙungiya, ta shigo ɗauke da buhunan da ba hatimi.

"Yaya Habsa, Lahadi ta matso. Ki ba mu ragowar mu buga, in ba haka ba mu koma ma ta Yamai."

"Ita ɗai ta rage min da hannunai ya taɓa, Ladi."

"Na sani. Amma shi ba don a aje ta bisa kanta ya dahwa ba."

Habsa ta ji haushi, don gaskiya aka faɗa mata. Da Ladi ta fita, Habsa ta hura wuta, ta ɗora ta biyar. Tana motsawa ta tuna yadda Magagi yake tsoma ɗan yatsa ya kai baki, ya lumshe ido, ita kuma tana yi masa tsiya wai ya mai da tawada miya. Ashe ma'auninsa ke nan.

Ta buɗe kwalbar ta ɗanɗana. Bauri ya kama mata harshe, kewarsa ta kama ta har sai da ta zauna. Ta ɗanɗana tata, salam. Ta ƙara bagaruwa. Ta lasa tasa, ta lasa tata, ta ƙara ƙaro. Tana gani da idonta kwalbar na raguwa, ba ta daina ba. Kafin la'asar ɗanɗanon ya zo ɗaya, kwalbar kuma ta bushe ƙaf.

Washegari Ladi ta buga hatimin farko, ta ɗaga buhun a rana, ta rangaɗa guɗa.

"Wallahi ba mai cewa ba Magagi ya dahwa ta ba!"

Habsa ta miƙa mata buhu na biyu.

"Ni dai na sani," ta ce.