Ƙafar Sauro

Duk shekara idan muka zo kan yaƙin basasa da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, ba da allo nake farawa ba. Abin da littafi ya tanada bai taka kara ya karya ba: taswira, ranar farawa, ranar gamawa, sai hoton wasu manya suna musabaha. Yara su haddace, su zuba a jarrabawa, su manta kafin tawada ta bushe.

Ni salona daban ne. Ina shiga sai in bi layi ina taɓa kafaɗa. Kai, tashi. Ke, tashi. Ba laifi, ba dalili. Su bar jaka da biro a kan tebur, su je bayan ɗakin gwaje-gwaje su zauna inda ba a hango su. Sannan in kafa wa sauran doka: ba mai tambayar inda suka je, ba mai ambaton sunansu, ba mai kallon kujerarsu. In ci gaba da darasi kamar ba abin da ya faru. Idan an kusa tashi sai in ce, "To, haka yaƙi yake a cikin gida. Bambancin kawai, can ba a kaɗa ƙararrawa su dawo."

Shugaban makaranta wasan kwaikwayon Malama yake kiran abin. Sauran malamai kuwa duk bayan yaƙin aka haife su, in na ɗauko zancen sai kowa ya duƙa kan wayarsa. Wannan zangon ne na ƙarshe a gare ni, har an kawo saurayin da zai gaje ni. Yaron kirki ne, ya ce yana da fim a kwamfuta da zai riƙa nuna musu.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, dokar nan ba ni na ƙirƙiro ta ba. Ta Baba ce. Ina firamare yayana ya bar gida ya shiga ɗaya ɓangaren. Baba ya sauke hotonsa daga bango, ya ce duk wanda ya sake ambatonsa a gidan nan ya tattara ya bi shi. Aka gama yaƙi, Yaya bai dawo ba. Ba gawa, ba labari. Baba ya rasu, Mama ta ci gaba da riƙe dokar kamar yana tsakar gida yana jin ta, har ita ma ta tafi bara. Aurena bai yi tsawon rai ba, Allah kuma bai ba ni haihuwa ba. Saura ni kaɗai na san an taɓa yin Yaya a duniya. Ranar da na faɗi, shi ke nan, kamar ba a haife shi ba. Wannan abin yana cin raina, kuma ban san wa zan miƙa wa ba.

Bana cikin waɗanda na fitar har da wani dogon yaro siriri mai zama a gefen taga. Tagwaye ne shi da wata yarinya da ke layin gaba, wadda 'yan aji ke kira Uwar Tambaya. Ban kai tsakiyar taswira ba ta ɗaga hannu.

"Malama, in ba a tambaya ba, yaya za a san ko suna lafiya?"

"Kunnenki na ƙashi ne? Na ce ba tambaya."

"Ba su nake tambaya ba. Dokar nake tambaya. A lokacin yaƙin wa ya sa ta?"

"Mai gida," na ce, ina juya mata baya.

"Kuma kowa ya bi?"

"Kowa."

Har na ɗauka na rabu da ita. Sai ta ce, "Ni dai da ba zan iya ba. Da sai in shiga banɗaki, in buɗe famfo don kada a ji, in kira shi."

Allin ya karye a hannuna. Abin da na yi ke nan, ni da nake ƙaramar yarinya, kullum da safe kafin makaranta, har ruwa ya cika bokiti ya zube Mama ta yi ta faɗan ɓarna. Ban taɓa gaya wa ko bango ba.

Na ajiye guntun allin, na zauna a bakin tebur, abin da nake hana su yi. Na ce musu ina da wa. Na ce shi yake kai ni makaranta a kan ƙarfen kekensa, yana busa fito da yatsu biyu a baki, in muka zo gangara sai ya saki birki don in yi ihu. Na ce ya tafi wata safiya bai ƙarasa shayinsa ba, kuma ban san ko yana da gaskiya ko ba shi da ita ba, ni dai yayana ne. 

"Yaya sunansa?" in ji Uwar Tambaya.

"Ni Yaya nake ce masa. Amma duk layinmu ba wanda ya san shi sai da Ƙafar Sauro."

Wani a baya ya fara tuntsirewa, sai ajin gaba ɗaya ya ɗauka. Har da dukan tebur. Wallahi raina ya ɓaci. Na ɗauko abin da na ɓoye a ƙirji tun kafin a haifi iyayensu, na miƙa wa 'yan banzan yara sun mayar da shi abin dariya. Ina shirin daka tsawa aka kaɗa ƙararrawa. Waɗanda na fitar suka dawo suna karkaɗe ƙura, suna tambayar me aka yi, sauran na rige-rigen ba su labari, duk suka zuba waje. Suka bar ni da kujeru a karkace da taswirar da ban ƙarasa ba.

A gida na dafa abinci na kasa ci. Na zauna ina kallon kujerar Mama, fanka tana ta juyi. Na ce ashe Baba bai yi kuskure duka ba, wani abin gara a bar shi inda yake.

Bayan 'yan kwanaki ina ɗakin malamai ina duba takardun gwaji. Sun ci, kusan dukansu. Ranar farawa, ranar gamawa, ba wanda ya kuskure. Lokacin hutun tara ne, yara na ƙwallo a fili. Sai na ji an ƙwalla kira daga can.

"Ƙafar Sauro! Miƙo nan mana!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Jan birona ya faɗi ƙarƙashin tebur. Sunan Yaya a sararin Allah, da rana tsaka, da babbar murya, ba famfo ba komai. Na isa taga. Dogon yaron nan ne, ɗan'uwan Uwar Tambaya, yana sheƙa gudu da ƙwallo, wandon makaranta ya ɗage masa sama da idon sawu.

Malamin horo ya ajiye kofinsa. "Yaran nan da laƙabin banza. Tun shekaranjiya suka liƙa wa yaron mutane. Bari in je in saɓa musu."

"Ƙyale su," na ce.

"Malama, tsokana ce fa."

"Na sani. Ƙyale su."

Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya koma ya zauna. Can a fili ƙwallon ta kuɓuce, wani ya tare ta yana waige-waige, ya sake kira. Yaron ya ɗaga hannu daga bakin raga.

"Ga ni nan!"

Duk kiran da na yi a banɗakin gidanmu, ba a taɓa amsa mini ba. Na riƙe ƙarfen taga. Shayina ya huce a kan takardun, aka kaɗa ƙararrawa, malamai suka kwashi littattafansu suka fita. Ni ban motsa ba, ina jira ko za su sake kira kafin su shiga aji.