Sandunan Temalesi

Wata uku ke nan Inoke yana kewaya sandunan nan da baƙinsa. Aikinsa a garin Levuka na bakin teku shi ne ya zuba 'yan yawon buɗe ido a ƙananan kwalekwale, kowa da filafilinsa, ya bi da su gaɓar teku yana nuna musu tsofaffin kantunan katako da hasumiyar coci. Magana ba ta dame shi ba. Da can matarsa Temalesi ce mai bakin, shi yana baya yana tattaro masu nawa.

Da ta rasu, danginta suka kafa sanduna huɗu a ruwan da ta saba kamun kifi, suka ɗaura musu ganyen kwakwa. Kwana ɗari ba mai jefa ƙugiya, ba mai ratsawa. Kewayen yakan ci rabin sa'a, baƙi su yi ta kukan kafaɗa, shi ko a jikinsa. Muddin sandunan na tsaye, garin bai gama da ita ba. Tsoronsa ke nan: kowa ya gama, a bar shi shi kaɗai da rashin.

Ranar cikon ɗari da gangan ya karɓi baƙi, don kada ya zauna cikin masu girkin taron ƙare makoki. Suna isowa wurin sandunan ya tarar da Apakuki, ƙanin Temalesi, ruwa har ƙirji, yana jijjiga sanda ta ƙarshe.

"Tavale!" Apakuki ya ƙwala masa kira, wato suruki, yadda suke kiran juna. "Ga hanya fetal. Yau sai ka nemi wata dabarar wahalar da Turawa."

"Ka bar ko ɗaya mana."

"In bar ta ta yi me? Kifi ya yi ƙiba, tukwane na jira. Kai ma ka zo ka ci, dubi yadda ka koma kamar filafilinka." Sai ya sassauta murya. "Ni ma yayata ce fa. Amma kwana ya cika."

Ya tumɓuke sandar, ya saɓa ta a kafaɗa, ya nufi tudu.

Hannun Inoke ya riga ya saba, sai ya karkata kwalekwalensa zuwa doguwar hanya. Wata baƙuwa mai jar hula ta matso kusa da shi.

"Malam, me ke wurin ne da muke kauce masa?"

Ya daɗe yana duban wurin. Ruwa ne kamar kowane ruwa.

"Babu komai," in ji shi.

Ya miƙe hanya ta tsakiya, suka bi shi suna hira, ba wanda ya ko rage tuƙi.