Dillaliya Ba Ta Faɗin Mai Kaya

Ran da 'yan ƙwacen waya suka soki Suhaibu a Kwangila, da rana tsaka, kan wata wayar da fuskarta ma ta tsage, yayarsa Rauda ta rantse a bakin gadon asibiti cewa sai ta gano su. Ba cika baki ta yi ba. Ita ke koyar da kwamfuta a wata makaranta mai zaman kanta a Tudun Wada, kuma duk wanda ya san ta ya san in ta kafe, ta kafe ke nan.

Ta zauna ta haɗa manhaja mai bin zaurukan saye da sayarwa na Fesbuk da sakamakon binciken Gugul, tana kwaso duk tallan tsohuwar waya a Zariya: suna, lamba, hoto, unguwa. Zaurukan da ke rufe kuwa ta shige su da asusun bogi, da sunan wata mata da Allah bai halitta ba. Lissafinta mai sauƙi ne. Wanda ba shi da shago amma kullum yana da wayar sayarwa, ai da walakin, goro a miya.

Ta kai abin da ta tara wurin Alhaji Kailani, shugaban kwamitin tsaron unguwa, mutumin da ba ya raba hannunsa da carbi, ba ya kuma raba bakinsa da jawabi. Ya yi ta sa mata albarka har da cewa mace ɗaya ta fi maza goma. Ta ce masa, “Alhaji, wannan zato ne kawai. A ba hukuma ta bincika a hankali.” Ya ce, “Haba 'yata, ai ba yaro ba ne ni.”

Kafin la'asar ya watsa shi a zauren Wasaf na unguwa, ya yi masa kanu da manyan baƙaƙe: masu karɓar wayoyin sata. Wannan shi ne dattijon da ba yaro ba!

A saman jerin akwai wani asusu mai suna Alheri Kayan Gida. Rauda ba ta san mai shi ba, ba ta kuma tambaya ba. 'Yan sintiri suka kira lambar, sai ga muryar Inna Larai.

Wa bai san Inna Larai a Tudun Wada ba? Dillaliya ce tun Rauda ba ta iya ɗaura zane ba. Macen da buƙata ta kama, ba ta so miji ko maƙwabta su sani, ita take kira ta miƙa mata ɗan kunne ko atamfa ko tukunya. Da zamani ya juya mata suka koma sayar da waya, tsohuwar ta koyi ɗora hoto a Fesbuk da lambarta, don kada lambar kowa ta fita. Manhajar Rauda ta ƙirga wayoyin daidai. Abin da ba ta iya ƙirgawa ba shi ne rufin asirin gidajen da suka fito. Haka aka tasa tsohuwa gaba da jakarta, ana nuna ta da yatsa, har ofishin 'yan sanda.

Rauda ta hau keke-napep zuwa Kongo wurin Barista Comfort, ƙawarta tun sakandare. Ta zaci za a taya ta zagin Alhaji. Comfort ta saurara har ƙarshe, sannan ta tashi ta rufe ƙofa.

“Rauda, kin san a ramin da kike kuwa? Kin tara sunaye da lambobin mutane ba izininsu. Kin shiga zaure da sunan ƙarya. Ga ɓata suna a kai. Masu gyaran waya biyu da ke cikin jerin nan sun riga sun ɗauki lauya.”

“Su fa suka ɗora da hannunsu a bainar jama'a!”

“Wanda ya shanya wankinsa a igiya bai ce ki kwashe ba.”

Ran Rauda ya ɓaci. “Wato wanda ya farke cikin ƙanena yana yawo a gari, shi doka ta kare masa sirri, ni kuma da na nemi hakki ni ce mai laifi?”

“Ban ce daidai ne ba. Na ce haka za a karanta miki a kotu. Amma ki saurara. Alhaji ya ce wa 'yan sanda shi ma turo masa aka yi, bai san daga ina ba. Don ya wanke kansa ya faɗa, amma ke ma ya wanke ki. Ki yi shiru. In kin buɗe baki, aikinki ya tafi, kuma ban yi miki alkawarin ba za ki kwana a tsare ba.”

“Inna Larai fa?”

“An ce ta faɗi masu wayoyin, su zo su shaida, a sake ta yau. Ta ƙi.”

Daga nan Rauda ta wuce ƙofar gidan Alhaji Kailani. Ta same shi kan darduma yana jan carbi. Ya dube ta kamar bai taɓa sa mata albarka ba, ya ce, “Malama, ni ban san kan kwamfuta ba. Ki rufa mini asiri, in rufa miki.” Ta ji kamar ta fizge dardumar daga ƙarƙashinsa. Mutum ya kunna wuta da hannunsa, ya koma gefe yana ta'awizi da hayaƙi!

Ta ce a ranta za ta je ofishin ne kawai ta lallashi tsohuwa ta faɗi sunayen, kowa ya huta. Ta same ta zaune kan benci, mayafinta ya yi ƙura, wani sufeto na ta fama da ita.

“Baba, ki faɗa mana masu su ki tafi gida. Mene ne wahala a ciki?”

“Yallaɓai, na tsufa a dillanci ban taɓa faɗin mai kaya ba. Ba yau zan fara ba.”

A kan tebur an jera wayoyin da aka zazzage daga jakarta. Rauda ta kai ido kansu. Ta uku daga hagu tana da koren murfi, gefensa ya narke inda ya taɓa murhun gawayi. Wayar Umma ce, mahaifiyarsu. Wayar da Umma ta ce ta kai gyara, a makon da asibiti suka ce sai an sake yi wa Suhaibu aiki.

Inna Larai ta ga inda idonta ya tsaya. Ta gyara mayafinta ta kau da kai.

Kunya da baƙin ciki suka taru wa Rauda wuri guda. Ta tuna makaranta, ta tuna maganar Comfort, ta tuna Alhaji da carbinsa yana can yana jiran magariba hankali kwance. Ta ja kujera ta zauna gaban sufeton.

“Yallaɓai, ɗauko takarda. Jerin nan ni na haɗa shi. Zan faɗa maka yadda na yi, da wanda na ba, da abin da ya sa sunan matar nan ya hau sama alhali ba ta saci komai ba.”

Sufeton ya dube ta. “Malama, kin san abin da kike jawo wa kanki?”

“An gaya mini.”

Ya miƙe ya shiga ciki neman biro. Inna Larai ta matso kan bencin, ta kama gefen hijabin Rauda, ta rage murya.

“Ke 'yar nan, duk ran da suka bar ki kika koma gida, kada ki ce wa uwarki kin gani.”