Jan Salatif a Allon Baba Yari

Kayode ya kai rabin tsani, fulaya a baki, sai Hamida ta leƙo ta tagar ɗakin mahaifinta ta ɗaga murya.

"Baba Kayode, ya ce ka sauko. Wai ba daga bisa aka hwarawa ba."

Ya cire fulayar daga baki ya yi tsaki. Shekara ashirin da shida yana sayar da kayan wuta a kasuwar Birnin Kebbi, babu kaurin wayar da bai sani ba, amma yau tsohon da ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi ne zai koya masa inda ake farawa! Ya dai sauko. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Baba Yari, kuma tun ranar da ya zo garin daga Ogbomosho da jaka guda bai taɓa cin tsohon a gardama ba.

Baba Yari yana jingine da filo uku, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul. A kan tebur kusa da gado tsohuwar kwamfutarsa ce a buɗe, allonta na nuna taswira wayam, ko ɗigo babu.

Wannan kwamfuta ita ce abin wasan tsufansa. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan turakun tarho tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, da ya ajiye aiki kuma sai ya juya ga sama. Ashe kowane jirgi yana tafe yana faɗin sunansa da tsayinsa da inda ya nufa, kunne kawai ake bukata. Baba Yari ya samo 'yar na'ura da ba ta fi ɗan yatsa biyu ba ya soka a kwamfutar, ya ja kebul ta taga har saman kwano, ya haɗa eriya da hannunsa daga wayar tagulla, ƙafa huɗu a ƙasa kamar gizo-gizo, tsinke ɗaya a tsaye. Daga nan jirage suka riƙa rarrafe a allonsa, shi kuma yana gaishe su da suna. Matarsa Fadimatu ta sha cewa mutane na kiwon awaki, nata mijin na kiwon abin da ba zai taɓa yankawa ba.

Ranar da ta tashi aikin Hajji bai raka ta filin jirgi na Ambursa ba, har unguwa ta ɗauki magana. Yana ɗaki yana bin jirginta a allo, har ya yi gabas ya ɓace can wajen Gusau. Ya yanki ɗan guntun jan salatif ya manna daidai wurin. Da ta kira shi daga Madina ya ce mata, "Nan na aje ki, kuma nan za ni ɗaukar ki. Ni za ni hwara ganinki kahin kowa."

Bayan tafiyarta ciwon ƙodarsa ya tashi gadan-gadan. Makon jiya likita ya ja Hamida gefe ya ce a mai da shi gida. Tsohon ya hana a gaya wa Fadimatu. Ran Laraba aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, allon ya mutu. Yau da safe kuma Fadimatu ta kira daga Jidda ta ce ga su suna shiga jirgi, bayan azahar za su sauka.

"Zauna," in ji Baba Yari, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kai kullum garaje. Cire na'urar, ka hura, ka maida."

Kayode ya cire, ya hura, ya mayar. Shiru.

Hamida, wadda ta baro gidan mijinta a Argungu don jinya, ta gaji da kallon wahalar nan. Ta miƙa wayarta. "Baba, don Allah ka huta. Ga waya nan, ana ganin jirage ciki, yanzu sai in nemo maka na Inna."

"Wannan jita-jita na," ya ce ba tare da ya dubi wayar ba. "Wani yaj ji, yah hwaɗa ma wani, sannan a hwaɗa min. Ni da kunnena nika son in ji ta."

Hamida ta fita da sauri, don kada ya ga idonta. Kayode ya miƙe tsaye. Ya dubi agogo, goma saura. Ya rantse a ransa ko zai kwance rufin gidan nan kwano-kwano sai allon nan ya yi magana.

"Yanzu mi?" ya tambaya.

"Mita. Bi kebul taƙi-taƙi, kamar yadda aka bin layin tarho. Kak ka zargi abin da ba ka auna ba."

Ya ɗauko mitar ya auna bakin kebul na ɗaki, allurar ta yi wani rawa-rawa da bai gamsar ba. Ya fita yana bin kebul ɗin da yatsa, ta taga, ta jikin bango, ta bayan randa, har inda ya haura kusa da indararo. A nan akwai mahaɗa da aka naɗe da baƙin salatif. Yana warwarewa ruwa ya tsiyayo masa a hannu. Ƙarfen ciki ya yi kore shar, kamar an shafa masa kuka.

"Na kama ɓarawon!" ya yi ihu.

"Yanke har inda tagulla taka ƙyalli," Hamida ta isar da saƙo daga taga. "Wai kak ka yi rowa."

Ya yanke taƙi guda, ciki a jiƙe. Ya ƙara, har yanzu baƙi. Sai da ya zubar da kusan kamu biyu kafin tagulla ta fito fes. Ya tsallaka gida ya ɗauko sabon kan mahaɗa, ya feƙe bakin kebul, ya tabbata ko silin gashi ɗaya na ragar waje bai taɓa wayar tsakiya ba, ya ɗaure tam. Ya lanƙwasa kebul ɗin ƙasa kafin mahaɗar yadda ruwa zai ɗiga ya bar ta. Rana ta fara cizo, rigarsa ta manne a baya.

Da ya shiga ɗaki, su uku suka zuba wa allon ido. Minti biyar, minti goma. Sai ga wani ɗan jirgi ya ɓullo tsakiyar taswira, daidai kan garin.

"Alhamdu lillahi!" Hamida ta tafa hannu. Kayode ya buga ƙirji yana dariya.

Baba Yari bai yi dariya ba. Ya bi jirgin da ido, kafin a ce me, ya ɓace tun bai wuce Zauro ba.

"Kurma na," ya ce. "Sai wanda yaz zo bisa kai yaka ji. Da wanga kunne ba mu kai ga salatihi."

Kayode ya dubi jan salatif ɗin can gefen allo, ya dubi inda jirgin ya ɓace, tazarar ta fi tsawon tafin hannu. Sha ɗaya da rabi ta wuce. Ya sake hawa. Ya auna kebul daga sama zuwa ƙasa, lafiya lau. Ya ƙara wa sandar eriyar tsawo da gora, ya juya ta gabas, ya sare reshen dogonyaron da yake zargi, kwano na ƙona masa gwiwa ta cikin wando. Wani jirgi ya zo, ya sake ɓacewa a wuri ɗaya. Haushi ya kama shi har ya yi magana da Yarabanci, abin da ya daɗe bai yi a gidan nan ba.

Aka kira azahar. Ya yi salla a tsakar gida a gurguje, yana sallamewa Hamida ta zo ta durƙusa kusa da shi. "Numfashinshi ya canza," ta ce a hankali. "Ya ce ka kwanto eriyar ka kawo mishi."

Ya kwanto ta ya ɗora a kan bargon tsohon. Baba Yari ya buɗe ido da ƙyar, ya shafa ƙafafu huɗun, hannunsa ya hau tsinken tsakiya, ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, bai kai ƙarshe ba sai da ya miƙe hannu.

"Wa yas sa wannan?"

Kayode ya gyara tsayuwa. Wallahi har da ɗan alfahari ya amsa. "Ni na. Iskan Laraba ya karya naka, na tsince shi ƙasa. Ban so in tashe ka. Na ga ɗan guntu na, ko yatsa bai kai ba, sai nis sa maka dogo mai kauri, tagulla mai kyau, don ya hi kamawa."

Tsohon ya saki tsinken. Sai kafaɗunsa suka fara motsi, Hamida ta zabura tana zaton shaƙewa ce. Ashe dariya yake.

"Ɗan kasuwa," ya ce, yana haki. "Kai komi in ya hi yawa ya hi kyau. Muryar jirgi gajeruwa ta, Kayode. Kunnenta ma gajere na. Ka yi min alheri, ka toshe min kunne kwana ukku."

Kunya ta rufe Kayode, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tun safe yake farautar ɓarawo, ashe da hannunsa ya yi aika-aikar. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, tsohon ya ɗaga yatsa.

"Ba lokaci. Aljihun rigata."

Hamida ta laluba rigar da ke rataye a ƙusa ta fito da ɗan guntun karan gero, ya yi santsi saboda shafa, an yanke bakinsa biyu daidai.

"Awon ke nan. Ko ƙwayar shinkahwa kak ka ƙara."

Kayode ya jera karan da tsinken. Ya sa fulaya, ƙat! Dogon ya faɗi ƙasa. Ya auna ƙafafu huɗun ɗaya bayan ɗaya, ya gyara wadda iska ta lanƙwasa. Bai san yadda ya hau tsanin ba. Ya ɗaura eriyar a kan gora, ya miƙar da ita tsaye cak, ya murɗa kan kebul har sai da yatsunsa suka yi zafi. Yana can sama ya ji Hamida ta ƙwala kira.

"Sun cika! Baba Kayode, sun cika allo!"

Jirage biyar ya tarar, wani can arewa kan Nijar, wani kudu ya nufi teku. Amma gabas babu kowa. Hamida ta tallafo kan mahaifinta a kafaɗarta, Kayode ya ɗauko kwamfutar ya riƙe masa a gaban fuska, don idon ba ya kai tebur. Biyu da kwata. Biyu da rabi. Hannuwan Kayode suka gaji suka fara sanyi, bai sauke ba. Numfashin tsohon yana zuwa yana tsayawa, kowane tsayawa sai Hamida ta kira, "Baba?" shi kuma ya motsa gira.

Sai wani ɗan abu ya leƙo daga ƙarƙashin jan salatif, hancinsa na duban yamma.

Baba Yari ya ɗaga yatsa ya ɗora a kansa. "Karanta min."

Kayode ya karanta haruffan da lambar. Su ne waɗanda Fadimatu ta faɗa da safe.

"Sannu da hanya, Hajiya," in ji tsohon, a hankali kamar tana zaune a bakin gadon. "Na ce miki."

Yatsan ya bi jirgin. Kayode na karanta tsayinsa yana raguwa, ƙafa dubu talatin, dubu ashirin, dubu tara. Jirgin ya wuce kan Argungu. Wajen Gulma yatsan ya zame ya sauka kan bargo. Hamida ta sunkuya a kunnensa tana maimaita kalmar shahada, leɓɓansa na bin ta. Jim kaɗan suka ji rugugin jirgin da kunnensu yana sauka ta wajen Ambursa, amma su biyu ne kawai suka ji.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," Kayode ya faɗa, hawaye na zuba a kan madannan kwamfutar. Ya mayar da ita kan tebur, ya kasa rufe ta.

Sai bayan la'asar motar da ta ɗauko Fadimatu ta tsaya a ƙofar gida. Ta ga maza zaune a kan tabarmi, ba ta tambayi kowa ba. Aka jira ta ta shiga ta yi masa addu'a, sannan aka ɗauke shi. Da aka dawo daga maƙabarta, ta aika a kira mata Kayode. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, kansa a ƙasa.

"Hamida ta ce kai kag gyara mishi abin nan," ta ce. Muryarta ta dishe. "Hwaɗa min gaskiya. Ya gan ni?"

"Ya gan ki, Hajiya. Tun daga salatihi. Shi yah hwara."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo kujerar da mijinta ke zama ta zauna a gaban tebur, da farin mayafinta na hanya. Guntun karan geron yana nan kusa da kwamfutar inda Kayode ya ajiye shi, ta ɗauka ta riƙe. A allon, wani ɗan jirgi ya fito daga arewa yana rarrafe a hankali, ta matso da kujerar tana kallonsa.