Allunan Sundus

Sharaɗi ɗaya Hajiya Kaltuma ta gindaya kafin ta bar autarta Sundus ta koma duwatsun Jojiya wasan zamiya a kan ƙanƙara: ita da kanta za ta zaɓi allunan da yarinyar za ta ɗaura a ƙafa. Matar da ƙanƙarar da ta sani ita ce ta firij!

Idrisa, ɗan Chadi mai kula da shagon kayan wasanni a unguwarsu ta Jurf, can ƙasar Larabawa, ya jingina musu kala uku. Hajiya ta dafa mafi faɗi.

"Wannan. Mai faɗi ba ya kifewa."

Laifin bakin Sundus ne, don ita ta ce wa uwar wurin laushi ne kamar auduga. Faffaɗan allo sai sabuwar ƙanƙara mai taushi. Inda za ta kuwa, da safe ƙanƙarar ta daskare kamar siminti, da rana a tattake ta ta zama curi-curi, ga tuddai jere da sai ƙafa ta juya da sauri. Na tsakiyan take buƙata, mai kaifin gefe. In ta yi shiru, za ta hau dutse da abin da zai kwashe ta. In ta faɗi gaskiya, tafiyar ma ta sha ruwa.

Ta kalli Idrisa. Ya duƙar da kai yana goge kantar shagon, shi ba ya shiga tsakanin uwa da 'ya.

"Ɗaure mana shi, ya waladi, ɗana," in ji Hajiya.

"Ummi, lahza, ɗan dakata." Sundus ta matso kusa da ita. Ta saba amsawa da Larabci, amma yau Hausa ta lalubo. "Wurin ba auduga ba ne. Kin san duwatsun bayan gidan Kaka a Harra? Haka yake, sai dai fari, kuma da santsi. Mai faɗin ba zai kama ba. Wallahi tsoronsa nake."

Hajiya ta daɗe tana kallonta, har Sundus ta fara sallama tafiyar a ranta.

Can Hajiya ta saki faffaɗan, ta jawo na tsakiya, ta goga babban yatsa a gefensa na ƙarfe. Jini ya ɗan tsatso. Ta dube shi, ta share da bakin mayafi.

"Wannan zai kama?"

"Zai kama, Ummi."

"To ɗaure shi, Idrisa." Ta juya ta nufi ƙofa, ba ta waiwayo ba. "Bara da kika dawo kina ɗingishi, kika ce a banɗakin otal kika zame. Ni na gasa miki gwiwar nan, Sundus. Tun ranar nake jiran ki faɗa min."