Shukar da Ba Iri

A Aujara kowa ya san Malam Nata'ala ne ke fara shuka. Ruwan farko na sauka, za ka gan shi a gona da sungumi, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Amma bana tiya ɗaya tak ta rage na irin geron da ya gada, fari ya cinye shukar bara. In wannan ta tafi, irin gidansu ya ƙare.

'Yarsu Zulfa, da ke aure a Takur, ta sa wa uwarta Rabi'atu saƙon manoma a waya. Ranar da aka yi ruwan farko, muryar da ke cikin wayar ta ce kada a yi gaggawa, za a ɗauke ruwa sama da sati biyu.

"Malam, ka dai ji," in ji Rabi'atu.

"Na ji. Shi na cikin wayar ya taɓa riƙe sungumi?"

Har a ƙofar masallaci ya maimaita, aka yi ta dariya.

Da safe ya ɗauki ƙoƙon iri, ya hana Rabi'atu binsa. Hankalinta ya tashi ƙwarai. Da hantsi ta dama fura ta kai masa. Ga shi can yana sara, yana sunkuyawa, yana rufewa da diddige, maƙwabta na yi masa sannu da aiki. Sai da ta matso ta lura: hannun yana shiga ƙoƙo, amma wayam yake fitowa. Tsoho da furfurarsa, ramuka yake binnewa don kada a ce waya ta juya shi! Dariya da tausayi suka kama ta. Ta ajiye furar, ta koma gida.

Rana ta ƙone tsiron mutane. Nasa ko ɗaya bai fito ba, aka yi ta zuwa jaje, yana amsawa fuska a murtuke.

Kwana goma sha takwas, aka kwana ana ruwa.

"Maman Zulfa, mutumin naki me ya ce?"

"Ya ce yanzu."

"To ɗauko mayafinki."

"Wannan karon har da irin za a sa, Malam?"

Ya tsaya cak, ya harare ta, dariya ta ƙwace masa. Sannan ya miƙa mata ƙoƙon da hannu biyu.

"Ke ki zuba," ya ce. "Geron Baba ne."